In Wuta Ta Yi Ƙasa, A Tsare Zubin Gaba Ɗaya

A wajen wani taron horar da ƙungiyoyin gama-kai a garin Lafiya, ana cikin maganar sarrafa nama, wani matashi ya ɗaga hannu. Shi da abokansa suna sayen nama a mayanka, su dafa shi da tattasai da albasa, su ɗura a gwangwani, su rufe, su zuba cikin tukunyar tururi mai matsi da suka haɗa kuɗi suka saya. Ya ce, "Malam, ran nan muna tsakiyar dahuwa gas ya ƙare. Kafin a kawo wani an yi wajen minti 40. Da aka kawo muka kunna, muka ƙarasa mintocin da suka rage. Har yau babu gwangwanin da ya kumbura. Da matsala?" Na tambaye shi ina kayan suke. Ya ce an sayar da rabi.

Ban ga laifin yaron ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa. Laifin namu ne, mu malaman gona, da muke ta kiran manoma su riƙa sarrafa abin da suka noma da abin da suka kiwata don ya ƙara daraja, amma ba mu koya musu abin da za su yi ranar da aiki ya ɓaci. Ra'ayina a kan wannan guda ɗaya ne: duk zubin naman gwangwani da zafinsa ya gaza, ko lokacinsa bai cika ba, ko kuma aka rasa tabbacin yadda ya dahu, to a tsare shi gaba ɗaya, a rubuta abin da ya faru, kada gwangwani ko ɗaya ya fita sai masani ya yanke hukunci.

Dalili kuwa shi ne wata ƙwayar cuta da masana ke kira Clostridium botulinum. Tana cikin ƙasa, tana cikin hanjin dabbobi, saboda haka zuwanta kan nama a mayanka ba abin mamaki ba ne. Idan yanayi bai yi mata ba, sai ta ƙulle kanta cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, kamar yadda irin ciyawa ke kwana a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Daminarta ita ce wuri mai laima, marar iska, marar tsami. Gwangwanin nama ke nan. Can ciki take farkawa ta fitar da dafin da ke cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya. Wanda ya ci, yawanci cikin awa 12 zuwa 36 zai fara ganin abu biyu-biyu, fatar idonsa ta yi nauyi, haɗiya ta gagara, daga nan shanyewar jiki ta gangaro har ta kai ga numfashi. Maganinsa yana da tsada da wuyar samu, kuma mai ciwon yakan bukaci na'urar taimakon numfashi na makonni. Makiyaya ma sun san danginsa, ko da ba su san sunansa ba: saniyar da ke tauna tsohon ƙashi a daji ta wayi gari ta kasa tashi, ko kazar da ta ci tsutsar mushe wuyanta ya saki.

Mai karatu zai ce ai kakanninmu sun daɗe suna adana nama ba tare da wannan fargaba ba. Gaskiya ne. Amma kilishi da banda, da dambun da aka soya ya bushe sosai, duk bushewa ce ke tsare su. Naman gwangwani da ruwansa yake, zafi kaɗai ne makaminsa. Zafin ma ba na tafasa ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka iza, wannan ɓawo kuwa yana iya jure tafasa na awoyi. Sai an kai digiri 121 a cikin tukunya mai matsi, kuma mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi shi ne daidai da minti 3 a wannan zafi a tsakiyar gwangwanin, inda zafi ke isa a ƙarshe. Kafin tsakiyar ta kai haka, gwangwanin kan daɗe a wuta, gwargwadon girmansa da kaurin abin da ke ciki. A ƙasashe masu zafi kamar namu ana ƙara lokaci sosai, saboda akwai wasu ƙwayoyin da ke son ɗumi, waɗanda ke tashi idan kaya suka zauna a rumfar kwano da zafin watan Maris na Lafiya.

To, me ya sa lissafin abokinmu bai yi ba? Ya ɗauka minti 30 kafin gas ya ƙare da minti 30 bayan an kawo wani sun zama awa ɗaya. A cikin minti 40 ɗin nan tsakiyar gwangwanin ta huce, kuma mintocin farko na kunnawa ta biyu duk sun tafi wajen maido da zafin da ya zube. Ƙarfin kisan zafi yana faɗuwa da sauri ƙwarai: raguwar digiri 10 kacal tana nufin ana bukatar ninki goma na lokacin. Abin da aka saba yi, idan zafi ya sauka na ɗan lokaci, shi ne a maido da shi sannan a sake ƙirga lokaci daga farko, in tsarin da masani ya rubuta wa masana'antar ya yarda da haka. Idan kuwa tsaikon ya yi tsawo, ko zubin ya riga ya huce, to magana ta fita hannun mai kula da tukunya. Romo ya yi kauri, kitse ya daskare, zafi ba zai ratsa shi kamar da ba, don haka sake dahuwa na bukatar sabon lissafi.

Akwai wata yaudara da ta fi ƙarewar gas haɗari, domin ita ba a ganinta. Idan ba a fitar da iska daga tukunyar sarai ba kafin a fara ƙirga, allurar matsi za ta nuna komai daidai alhali wasu gwangwanayen suna zaune cikin aljihun iska, tururi bai taɓa su yadda ya kamata ba. Ma'aunin zafi ake bi, shi ma a riƙa gwada shi a kai a kai.

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙananan masu sana'a ce kawai. A shekarar 2007 a Amurka, miyar gwangwani ta kamfanin Castleberry's da ke Jihar Jojiya ta kwantar da mutum 8 da wannan dafi, saboda dahuwar ba ta cika ba. Jami'ai sun gwada gwangwanaye 17 da suka kumbura, suka sami dafin a 16. An janye miliyoyin gwangwanaye daga kasuwa, a shekarar 2008 kuma aka rufe masana'antar. Kafin wannan, a 1964, zazzaɓin taifot ya kwantar da kimanin mutum 500 a birnin Abadin na Skotland. Da aka bi sawu sai aka tarar da gwangwani ɗaya na naman shanu daga Ajantina. Dahuwarsa ta yi, amma an sanyaya shi da ruwan kogi da ba a sa wa magani ba. Lokacin da gwangwani ke hucewa, bakinsa kan iya zuƙar ɗigon ruwa zuwa ciki. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, mu da muke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba tare da sanin inda aka ɗebo shi ba. Ruwan sanyaya gwangwani sai mai tsabta wanda aka sa wa sinadarin kulorin, kuma kada a taɓa gwangwani da hannu yana jiƙe.

Na san abin da za a ce mini. Zubi ɗaya kuɗin bijimi ne a kasuwar shanu ta Shinge, ga kuɗin gwangwani, ga gas, ga bashin da ake bin ƙungiya. Wa zai binne wannan dukiya saboda zato? Ban raina wannan magana ba, asara ba daɗi. Sai dai tsarewa ba zubarwa ba ce. Sau da yawa, idan akwai rubutu mai kyau, masani zai duba ya ce zafin da aka samu ya isa, ko ya ba da yadda za a sake dahuwa. Zubin da ba shi da rubutu shi ne wanda ba shi da mai ceto, domin babu abin da za a yi lissafi da shi. Saboda haka littafin aiki, wanda ake ganin ɓata lokaci ne, shi ke kare jari: ƙarfe nawa aka rufe gwangwani, ƙarfe nawa tururi ya shiga, ƙarfe nawa zafi ya kai, me ma'auni ya nuna kowane minti 5, lambar da ke kan kowane gwangwani na wannan zubi.

Wasu kuma kan ce a ajiye kaya mako biyu a ɗaki mai ɗumi, in ba su kumbura ba shi ke nan. Gwajin ajiya yana da amfani wajen gano ɓaci, amma ba ya wanke zubin da aka san zafinsa ya gaza. Dafin yana iya kasancewa a gwangwanin da bai kumbura ba, bai yi wari ba. Ɗanɗanawa kuwa haramun ce a wannan aiki, ko da da bakin cokali. Abin da aka yanke wa hukuncin zubarwa a binne shi a rami mai zurfi, nesa da rijiya, inda kare ko kaza ko yaro ba zai tono ba. Kada a rage masa kuɗi a kai ƙauye, kada a raba wa ma'aikata.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne tsakanin maigida da yaronsa. Yaron da ya san za a yanke masa albashi in ya ce wuta ta yi ƙasa, ba zai faɗa ba. Zai cika littafi da lambobi masu kyau ya yi shiru. Shugaban ƙungiya ya faɗa a gaban kowa, tun ranar farko, cewa mai kula da tukunya yana da ikon tsare zubi ba tare da neman izini ba, kuma ba za a ci shi tara ba. Malamin gona da ya kai ziyara ya nemi littafin ya duba. Idan ya ga wata shida babu ko rana ɗaya da aka sami tangarɗa, a garin da wutar lantarki ke ɗaukewa kuma gas ke ƙarewa, to ya zauna ya ƙara tambaya.

Ƙungiyar da ba ta da tukunya mai matsi da ma'auni, da tsarin dahuwa daga masanin kimiyyar abinci, da rajistar hukumar NAFDAC, kada mu ƙarfafa mata guiwa a kan gwangwani ko kwalba. Mu nuna mata kilishi da dambu, a busar da su sosai kafin a rufe, musamman da damina da laimar Lafiya ta fi ta Kano yawa.

Shi kuwa matashin nan, bayan taro mun zauna da shi muka rubuta sunayen shagunan da suka karɓi kayan. Gwangwanayen ba su da lamba, don haka dole aka karɓo duk abin da suka kai a wannan wata, har da na zubin da ba abin da ya same shi.