Yaron da muke miƙa wa tuta a bakin fili

Waɗanda suka saba jinmu a rediyo sun san ba mu cika tsoma baki cikin rigimar ƙwallo ba. Yau kam sai mun tsoma.

A babban hutun da ya wuce, mun tsaya kallon wani wasan kusa da na ƙarshe a gasar bakansi. Ba za mu faɗi sunan gari ko na kulob ba, waɗanda ke wurin sun san kansu. Saura kamar minti biyar a tashi, ana ɗaya da ɗaya. Ƙwallo ta gangara bakin layi, wani ɗan wasa ya tsamo ta, ya ɗago, aka sa kai, sai raga. Rabin fili na tsalle, rabi na ihun «ta fita!». Kowa ya juya wajen mai tuta.

Mai tutar nan yaro ne ɗan koleji, bai wuce shekara 16 ba. Ana gab da busa usur aka jawo shi daga cikin ƴan kallo, aka miƙa masa reshen dogon yaro da aka ɗaura wa tsumma. Ya ɗaga, ya sauke, ya sake ɗagawa rabi. Nan aka yi kansa. Sai da ya sha mari biyu kafin dattawa su shiga tsakani. Wasan bai ƙare ba, kuma har yau samarin garuruwan biyu ba su zama fada ɗaya ran kasuwa. Da ƙura ta lafa muka tambaye shi. Ya ce: «Wallahi, yaya, ban gani ba. Akwai mutane a gabana, har da mai babur.»

Wannan «ban gani ba» ita ta sa muka kawo muku labarin wani wasa da ba a yin sa a nan. Sunansa pikilbol. A Amurka aka ƙirƙiro shi a 1965, a wani tsibiri kusa da birnin Siyatil. Ya yi kama da tanis, sai dai filinsa ƙarami ne, tsawon mita 13 da ɗan ɗoriya, faɗin mita 6, ana bugun ƙwallon roba mai ramuka da wani faffaɗan abin bugu kamar ƙaramin allo. Ba cewa muke a kawo shi Illela ba, muna da langa da kokawa sun ishe mu. Dokarsa ta layi ce ta ja hankalinmu.

A yawancin wasannin pikilbol babu mai duba layi sam. Kowane ɓangare shi ke faɗin hukuncin layin da ke gefensa. Wato in abokin karawarka ya bugo ƙwallo ta faɗo bakin layinka, kai da kanka za ka ce ta fita ko tana ciki. Doka ta ce ba za ka ce ta fita ba sai ka ga rata sarai tsakanin ƙwallon da layi. In kana shakka, tana ciki, abokin karawarka ya ci. In kai da abokin wasanka kun saɓa, ɗaya ya ce ciki ɗaya ya ce waje, shakka ta shigo ke nan, tana ciki. Kuma ba a tambayar ƴan kallo. Ko da babanka ne zaune daidai saitin layin.

A manyan wasanni kuwa akan sa masu duba layi, kowa da layin da aka ba shi, ba ruwansa da na wani. In ƙwallo ta fita, ya faɗa da ƙarfi, ya miƙa hannu waje. In kuma wani ya kare shi bai gani ba, akwai alamar da aka tanadar masa: ya rufe idanunsa da tafin hannuwansa. Shi ke nan. Ba zagi, ba mari. Alƙalin wasa ya faɗi abin da shi ya gani, in shi ma bai gani ba a nemi wata mafita bisa doka. Har ma ɗan wasa yana da damar soke hukuncin mai duba layi, in dai sokewar shi za ta cuta. Mai duba layi ya ce ta fita, kai da za ka amfana ka ce a'a, na gani, tana ciki.

Ku duba fa. Layin da bai kai mita 14 ba, a fili mai santsi da fenti, an yarda mutum zai iya kasa gani. Mu kuma a nan mun ba yaro layin da ya kai mita 100, wanda aka ja da ɗan yatsan ƙafa, ruwan Agusta ya wanke shi tun shekaranjiya, jama'a sun taka sauran, sannan muna so ya gani kamar na'ura. Kamfanin siminti na Malbaza yana nan kusa da mu, amma ko tokar da za a zuba a layi sai an yi gardamar wa zai kawo.

Ita kanta dokar ƙwallon ƙafa ba kowa ya san ta ba cikin masu ihun. Ƙwallo ba ta fita ba sai dukanta ta tsallake dukan layin, a ƙasa ko a sama. Gindinta zai iya zama waje alhali cikinta yana leƙen layi. Kun tuna wasan Japan da Sifen a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar? Duk wanda ya kalla a gidan kallo ya rantse ƙwallon da Mitoma ya tsamo ta fita. Da aka duba daga sama, ashe ɗan gefenta yana kan layi. Aka bar cin, Japan ta yi nasara 2 da 1, Jamus ta koma gida. Wannan da kyamarori ke nan ta ko'ina. A 1966 kuwa, a wasan ƙarshe tsakanin Ingila da Jamus ta Yamma, mai tuta Tofik Bahramov ya ce ƙwallon Hurst ta tsallake layin raga. Yau shekara kusan 60 ana gardamarta. Shi dai ba a mare shi ba, filin wasa ma aka sa wa sunansa a Baku.

Wani zai ce: ai su masu pikilbol wasan motsa jiki suke, tsofaffi ne masu fansho, mu kuwa akwai kofi, akwai rago, akwai jikkunan da ɗan kasuwa ko ɗan siyasa ya sa, ga sunan gari. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a bar ƴan wasanmu su yi wa kansu alƙalanci ran final ba, mun san halinmu. Amma ai girman abin da ke kan faifai shi ya kamata ya sa a gyara shaida. Ku dubi iyakar gona. Ba don banza kakanninmu ke dasa gamba tsakanin gona da gona ba. In rigima ta tashi aka je gaban mai gari, ba a kiran ƙanen mai gona ya ba da shaida, kuma dattijon da ya ce «ni ban halarci rabon nan ba» ba a ce masa matsoraci, girmansa ƙaruwa yake. Haka a kokawa. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wa ya taɓa ganin ɗan kallo tsaye cikin da'ira? Ana shata ta, jama'a na can nesa, alƙalai na da wurinsu. Mun iya abin nan sarai. A ƙwallo ne kawai muke sakaci.

Mu ma masu riƙe makirfo muna da namu laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Sau nawa muke tsaye bayan raga, nesa da inda abin ya faru, mu kwarma «ta fita!» ta lasifika kafin mai tuta ya motsa? Da zarar mun faɗa, jama'a sun riƙe. In yaron ya faɗi akasin haka, ya zama maƙaryaci a gaban garinsu. Ranar da muke ba ku labari, muryar da ta fara cewa ta fita daga lasifika ta fito. Mun ji kunya, domin sana'armu ce. Aikin mai sharhi ya faɗi abin da alƙali ya yanke, in yana da ja ya bari sai an tashi.

To, ku shugabannin gasa, ranku ya daɗe, ga roƙonmu kafin bakansi mai zuwa. Mai tuta kada ya fito daga garuruwan da ke karawa, kuma kada ya zama yaron da kowa zai iya ɗaga wa hannu. A zaɓe su tun ranar da ake karɓar kuɗin shiga gasa, a nemi ɗaya daga cikin alƙalan da FENIFOOT ta horar ya zauna da su ko da yini ɗaya ne, ya nuna musu inda ake tsayawa da yadda ake bin ɗan baya na ƙarshe. Cikin kuɗin da ake sayen kofi a cire musu ɗan na goro. Toka kuwa kyauta ce, masu ƙosai da masu waina za su ba mu buhu in mun tambaya. A zuba ta da safen wasa, a sake zubawa a hutun rabin lokaci in an yi ruwa. A ɗaura igiya taki uku bayan layi, mutum da babur duk su tsaya bayanta.

Sai babbar. Kafin a take wasa, alƙali ya tara kyaftin biyu da masu tuta a tsakiyar fili, a gaban kowa, a faɗa ta lasifika: in mai tuta bai gani ba, zai bar tutarsa ƙasa ya dubi alƙali, alƙali ya yanke, in shi ma bai gani ba wasa ya ci gaba. Kyaftin biyu su amsa da bakinsu.

Shi kuwa yaron nan, mun haɗu da shi kwanan baya a bakin tasha, ya shiga lise bana. Muka ce in an gyara zai sake riƙe tuta? Ya yi dariya ya ce sai ya ga igiyar da idonsa tukuna.