"GA NI GA KA": WA YA HANA MUTANEN WAGINI GANIN 'YA'YANSU?

Akwai masu cewa wai kiran bidiyo, wanda samari ke ce wa "ga ni ga ka", almubazzaranci ne, wai mutumin ƙauye da bai gama da cikinsa ba me ya haɗa shi da shi. Ɗan uwa mai karatu, duk mai wannan magana bai san Wagini ba, bai san Batsari da Safana ba, ko kuma ya sani ya runtse ido.

Garuruwan nan a bakin dajin Rugu suke. Shekara da shekaru ke nan 'yan bindiga suna kore shanu, suna hana noma, suna ɗauke bayin Allah sai an biya fansa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: gida ɗaya ya rabu uku. Tsofaffi sun tsaya don ba su da wurin zuwa, mata da yara an kai su cikin garin Batsari ko Katsina wajen dangi, majiya ƙarfi sun bazu ci-rani Legas, Abuja, Fatakwal, wasu har Aljeriya. To sai a ce wa uwa ta yi haƙuri da murya kawai? Ai murya tana ɓoye abu. Yaro zai ce, "Lafiya lau nake, Inna," alhali kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba. Ita ma za ta ce, "Babu komai, ɗan nan," alhali jiya a cikin gero suka kwana saboda an ji ƙarar babura. Amma da zarar hoto ya fito, ta ga ramar da ya yi, shi kuma ya ga bangon da ke bayanta ba na ɗakinta ba ne. Wannan shi ne abin da raunanan mutanen nan ke nema, kuma sunansa sada zumunci.

Sai dai nema daban, samu daban. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, WhatsApp kuma ya buɗe kiran bidiyo a 2016. Murya tana iya lallaɓawa a kan tsohon sabis na 2G, amma hoto mai motsi sai 3G ko 4G, kuma yana shan data ninkin ba ninkin. Shi turken sabis ba da iska yake aiki ba. Inda babu wutar lantarki, janareta ne, janareta kuwa sai an kai masa man gas. Ranar da hanya ta yi haɗari, mai kai man ya ƙi zuwa, sai turke ya mutu, gari ya koma kurma. Su kuma kamfanoni 'yan kasuwa ne, inda riba take can suke kafa ƙarfensu. Shi ya sa za ka ga saurayi ya ɗaga waya sama yana zagaye kamar mai neman wata, hoton ɗan uwansa ya daskare baki buɗe, data kuma tana ta zuba.

Ba za a manta da 2021 ba. A watan Satumba, bayan an rufe na Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka toshe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, Batsari da Safana suna ciki. Hujjar mahukunta ita ce a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. To, an ji. Amma hare-haren ba su tsaya ba, abin da ya tsaya shi ne kiran neman agaji, da kuɗin cefanen da ɗan ci-rani ke turowa, da labarin wanda ya rasu. Sai mutum ya biya kuɗin mota ya fita yankin kafin ya ce wa ɗansa "muna nan da rai". Sai a Disamba aka fara maido da sabis ɗin. Abin takaici, a cikin wannan Disambar ce a Abuja aka yi gwanjon lasisin 5G, inda MTN da Mafab kowanne ya amince zai biya sama da dala miliyan 273. Ƙasa ɗaya, wata ɗaya! Can ana cinikin gudun walƙiya, nan ana neman sanda ɗaya ta sabis.

A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin ɗari. Ƙarin bai tambayi mutumin Wagini ko sabis ɗinsa na kama bidiyo ba; kuɗin da na Maitama ke biya shi zai biya. Alhali tun dokar sadarwa ta 2003 aka tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Tambayar da ta kamata 'yan uwa su riƙa jefa wa duk ɗan majalisar da ya zo da buhun shinkafa ita ce: turke nawa asusun nan ya kafa a bakin Rugu, kuma nawa ne ke aiki da dare?

Saura kai, ɗan uwa, da kake birni sabis ya cika maka waya. Kada a zagi kura a bar akuya. Datar da ta ishe ka kallon ƙwallon Turai da TikTok har ƙarfe biyun dare, ita ce kake cewa ta ƙare idan an kira daga gida. Ka san kuwa wahalar da aka sha kafin kiran nan ya iso? Ita tsohuwa ƙaramar waya gare ta mai tocila. Sai ta jira ranar kasuwa, ta roƙi yaron maƙwabta ya ara mata babbar waya, ta biya kuɗin caji, ta sa masa kati daga kuɗin ƙuli-ƙulinta, su taka zuwa tudun da aka ce nan ne yake kamawa. Ta gyara lulluɓi, ta goge fuska da bakin zane don kada ka ga ta rame. Yaron ya danna lambarka, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya ce, "Iya, bai ɗauka ba." Ta ce, "Sake gwadawa, ƙila yana masallaci."