Hadiza ba kuskure ba ce

Wata ɗabi'a ta shigo gidajen suna a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, musamman gidajen waɗanda suka yi karatu. Kaka ta ɗauki jaririya ta kira ta Hadiza, sai uban ya yi maza ya gyara mata: «Khadija ne sunanta.» Haka Isuhu ya koma Yusuf, Sama'ila ya koma Isma'il. Bayan su kuma ga wani sabon ayari na su Afnan da Ilham da Ayman da Sultan, waɗanda akasari daga jerin sunayen da ke yawo a Facebook da WhatsApp ake tsinto su. Zaɓen suna haƙƙin iyaye ne, babu mai ƙwace musu shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hujjar da ake kafawa, wai sunayen da muka gada gurɓataccen Larabci ne da rashin sani ya haifar. Wannan magana ta shafi tsarin sauti, fagenmu ke nan, don haka bai dace mu yi shiru ba.

Mu ɗauki Hadiza ɗin. Baƙin farko na sunan a Larabci zuzau ne da ake furtawa can wajen hanɗa, kuma Hausa ba ta da shi. Magabata suka nemi zuzau mafi kusa a bakinsu, suka sami «h». Yau an rubuta «Kh», amma ku saurari yadda ake kiran yarinyar a tsakar gida da lakwal: Kadija. An musanya zuzau da tsayau. Gyaran da aka yi don kusantar asali ya ƙara nisanta sunan daga gare shi. Yusuf kuwa da baƙi ya ƙare, alhali kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali, sai ya zama Yusufu. A karin yamma, inda ake cewa «tahi» da «lahiya», ya zama Isuhu. Ƙa'ida ce ke aiki a nan, irin wadda ta ba mu littafi da alƙali da lahira, kuma ban taɓa jin wanda ya ce a daina cewa littafi a koma «kitab» ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Gaɓar «tu» da ke ƙarshen Halimatu da Salamatu da Rabi'atu, Balarabe kan yar da ita idan ya tsaya a kan sunan. Tana fitowa ne a cikakken karatu mai kiyaye wasalin ƙarshe. Wato waɗannan sunaye ta bakin malamai masu karatun littafi suka shigo mana. Wanda ya yanke Halimatu ya bar Halima yana ganin ya gyara, shaidar ilimin kakanninsa ya goge.

Da sunan ya zauna, sai Hausa ta haifa masa ƴaƴa. Abubakar ya ba da Habu da Buba da Garba, Ibrahim ya ba da Iro, A'ishatu ta ba da Indo da Shatu, Maryamu ta ba da Mairo. Alkunya ce ta riƙa tura wannan aiki: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruka ba ta kiran yaron da ya ci sunan surukinta, dole a nemo masa Abba ko Baba ko Maisuna. Inda alkunya ta ragu, wannan rijiya ma ƙafewa take yi.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta sunayen da Hausa ta ƙera da kayanta. Kowane ɗayansu labari ne a taƙaice. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa, Cindo ya zo da yatsa shida. Talatu da Ladi da Jummai da Ɗanlami suna faɗin ranar haihuwa, Azumi da Tasalla suna faɗin wata, Marka da Nomau suna faɗin damina. Ga mai nazarin ƙirar kalma, taska ce guda: ɗafa-ƙeyar «au» a Shekarau da Nomau da Sallau, ɗafa-goshin «ba» a Balarabe mai tafiya da ƙirar Bahaushe, har da cikakkiyar jimla da ta dunƙule ta zama suna, kamar Anaruwa da Abarshi. Ba duka nake kuka a kansu ba. Ajuji da Ayashe sunayen ƴaƴan wabi ne, tsoron mutuwar jarirai ya haife su, kuma uwar da ta ƙi laƙaba wa ɗanta juji tana da gaskiyarta. Amma mene ne laifin Marka? Ana ce mata sunan ƙauye, a ɗauko Afnan, wanda ma'anarsa rassan itace. Shi kansa sunan Khadija, wanda darajarsa ta zo daga Uwar Muminai, Allah ya ƙara mata yarda, asalin ma'anarsa a Larabci yarinyar da aka haifa kafin cikar watanninta, abin da mu muke ce wa bakwaini. Larabawa ma da yanayin haihuwa da abin da ke kewaye da su suka yi suna. Abin da muke sha'awa a harshensu shi ne muke jin kunyarsa a namu.

A da, sunan yanka da laƙabin gida tare suke tafiya ba tare da rikici ba. Liman ya raɗa Muhammadu, gida ya kira Tanko, gari ya san shi da Tanko har tsufa. Takarda ce ta raba su. Takardar haihuwa sunan yanka take ɗauka, shi ne ke bin yaro lakwal da jarrabawa da katin ɗan ƙasa, laƙabin kuwa ya tsaya a bakin kaka, ranar da ta rasu ya bi ta. Wanda ya samu shiga takardar ma da rigar Faransanci yake shiga. Shekarau ya zama Chékaraou, Abarshi ya zama Abarchi, Lawali ya zama Laouali, ƙugiyar Ɗanladi da ta Baƙo ta faɗi. Shugabannin ƙasa ma ba su tsira ba: duniya ta san Ousmane da Issoufou da Maïnassara, ba Usman da Isuhu da Mainasara ba. Jami'ar Maraɗi kanta da «Dan» marar ƙugiya aka rubuta sunan da take ɗauke da shi. Kuma da yake kowane ma'aikaci da yadda kunnensa ya ji, mutum guda kan tashi Mahamadou a wannan takarda, Mahamane a waccan, sai ranar da zai ajiye takardun jarrabawa ko neman aiki ya gane tsadar bambancin.

Tun 1999 Nijar take da dokar da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa da ba a iya rubuta sunayen ƴaƴansa da haruffansa a ofishin magajin gari, da sauran aiki a gabansa. Abu biyu nake ganin sun kamata. Takardar haihuwa ta buɗe gurbi ga laƙabin gida ga iyayen da ke so, kuma a rubuta shi da ƙa'idar 1999, da ƙugiyoyinsa. Sashenmu kuma ya fitar da jerin sunaye na bai-ɗaya da ma'aikatan rajista za su riƙa dubawa, kowane suna da furucinsa da ma'anarsa da yankin da ake amfani da shi. Ba sai an jira kuɗin bincike ba. Kowane ɗalibi da zai tafi hutu Gobir ko Adar ko Arewa ko Damagaram yana iya zama da tsofaffin gidansu ya rubuto sunayen ƴan uwan kakarsa, da dalilin kowane suna, da karin sautinsa da tsawon wasalinsa, tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna waɗannan biyun.