Bana Kakar Ranchers Bees Ce

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ke raina tun kakar ƙwallo ba ta yi nisa ba. A majalisarmu ta mai shayi nan Kakau, hirar matasa ba ta wuce Arsenal da Barcelona, ni kuwa zuciyata tana wajen Ranchers Bees.

Baba ne ya sa mini son ƙungiyar nan. Har gobe yana ba mu labarin 1988, shekarar da ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka, inda Bizertin ta Tunisiya ta yi galaba da ƙyar, da kuma kofin WAFU da ta ɗauko a 1989. Bayan nan sai aka daɗe ba a jin ɗuriyarta.

Shigowar ɗan ƙwallon nan Sadiq Umar, ɗan Kaduna, cikin masu ƙungiyar ta farfaɗo da ni. Hasashena, in Allah ya yarda, kafin a raba kaka biyu muna cikin ukun farko, kuma ba baƙon da zai kwashi maki uku a gidanmu. A dai riƙa biyan yaran haƙƙinsu kan lokaci.

Naka mai karatu kullum,
daga Kakau, Kaduna