Tafiyar Da Ba Ƙura

Wata yarinya mai son karatu ta gama wani littafin soyayya na samari, inda saurayi da budurwa suka gamu cikin jirgin sama, suka zaga Dubai da Landan. Ta rufe shi, ta ce an cuce ta, don ba ta ga kome ba sai otel da kantuna. Ƙawayenta suka ce hassada ce. Lalle ba hassada ba ce, gaskiya ta faɗa.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma irin waɗannan marubuta sun maishe ta tallar kaya. Ba yunwa, ba kewar gida, ba mai tambayar fasfo. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, cikin littafinsa Shaihu Umar na 1934, ya nuna hamada yadda take, har guguwar rairayi ta binne ayari. Yaron da aka shayar da labarin ƙarya, shi ya kan sayar da kekensa ya nufi Agadas, yana tsammani daɗin duniya duk yana bayan Libiya. Sabo da haka wanda bai san hanya ba, kada ya yi wa 'ya'yan mutane jagora.