Konjunktiv na Jamusanci ba umartau ba ne

Ɗalibin Hausa da ya leƙa nahawun Jamusanci yakan yi tuntuɓe da suna tun kafin ya kai ga ma'ana. Littattafan nahawu na Turawa suna kiran umartau na Hausa (ìn zo, kà zo, yà zo) da suna irin wanda suke kiran Konjunktiv da shi, sai ɗalibi ya zaci abu guda ne. Wannan zato kuskure ne, kuma ya kamata malamai su kawar da shi tun a darasin farko.

Gaskiya ne sun haɗu a wuri ɗaya, wato addu'a da fata. Bajamushe yakan ce "Es lebe der König", Bahaushe ya ce "Ran sarki ya daɗe". Daga nan kuwa kowa ya kama hanyarsa.

Konjunktiv iri biyu ne. Na biyu yana nuna abin da bai auku ba: "Wenn ich Geld hätte, käme ich." Hausa ba ta amfani da umartau a nan, sai dai "da" sau biyu: "Da ina da kuɗi, da na zo."

Na farkon shi ne mai hatsari, domin da shi jaridun Jamus ke ruwaito maganar wani. Idan aka rubuta "er ist schuldig", marubuci ne ya tabbatar da cewa mutumin yana da laifi. Idan kuwa aka rubuta "er sei schuldig", faɗar wani ce aka ɗauko, marubuci bai sa bakinsa ba. Kalma guda ce ta raba zargi da hukunci. Mai fassarar da ya tsallake "sei" ya ɗora wa mutum laifin da kotu ba ta ɗora masa ba.

Wasu za su ce "wai" ta wadatar. Ba kullum ba. Sau da yawa "wai" takan ɗauki ƙamshin shakka ko ba'a, alhali "sei" ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba. "In ji shi" da "a cewarsa" sun fi kusa da ita.

Saboda haka ya dace ɗalibi ya bar tambayar yadda ake kiran siga, ya tambayi aikin da take yi a cikin jimla, sannan ya nemo abin da Hausa ke yin wannan aiki da shi.