Ba Duk Ruwa Mai Garau Ne Ke Wanke Cuta Ba

Da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa na ganin cewa da zarar ruwa ya yi garau, to shi ke nan, ya isa a wanke komai da shi. Wannan kuskure ne babba. Malaman fiƙihu na duba launi, ɗanɗano da ƙanshi kafin su ce ruwa ya inganta a yi alwala da shi. Amma ƙwayar cutar amai da gudawa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. A shekarar 2021 kaɗai, wannan annoba ta halaka sama da mutum 3,000 a Nijeriya.

Abin takaici, sai a ga mutum ya sayi ruwan leda ya sha, alhali kofi, kwano da latas duk da ruwan buɗaɗɗiyar rijiya aka ɗauraye su. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Alimun laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa ruwan ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a zuba sinadarin kulorin a jira minti 30.

Don haka wajibi ne ɗan'uwan da aka ɗora wa hidimar abinci a wajen taro, ko wankin rauni, ya kiyaye. Lafiyar bayin Allah amana ce a wuyansa. Allah Ya tsare.